Fitilun Nomau a Ɗakin Goggo Tabawa

Gidan Nomau shi ne na ƙarshe kafin ka gangara bakin dam. Rai uku ne a ciki: shi, da matarsa Lantana, da wata akuya da ta fi shi sanin hanyar kasuwa. Nomau ba shi da mugunta ko ta sisin kwabo. Abin da ka faɗa masa dai shi zai yi, ba ƙari ba ragi, kuma ba ya tambayar dalili. Amma a ruwa babu na biyunsa, in ya yi nutso sai ka cinye ɓarin goro bai ɗago ba. Ni nake tuƙa shi a kwale-kwalena, don haka ba ji na yi ba, gani na yi.

A ƙarƙashin dam ɗin nan tsohon garinmu yake, Kwarin Maje, inda aka binne cibiyarmu. Shekara arba'in ke nan da ruwa ya ci shi, har yau in na bi ta kansa sai na rage tuƙi. Gidajen ƙasa duk sun narke, saura ɗaki ɗaya na dutse da siminti, wanda marigayi Barau magini ya gina wa matarsa, Goggo Tabawa. To, Goggo ta tsufa, yanar ido ta kusa rufe mata gani, ba ta rarrabe komai sai mai haske sosai. Burinta ɗaya, ta ga ɗakin nan kafin idon ya tafi. Ɗanta Hashimu, mai ɗaukar bidiyon biki a Kano, ya zo da wata 'yar kyamara kamar kwalin ashana, mai faɗin ido, da fitilu biyu na shiga ruwa. Shi kuwa ko iyo bai iya ba, sai aka nemo Nomau. Ga bazara ta yi nisa, da zarar ruwan farko ya sauka dam zai dame har kaka.

Wata rana aka yi gwajin farko, fitilun suna manne a jikin kyamara. Da aka kunna hoton, babu abin da ake gani sai fararen ɗigo kamar ana sheƙar gero. Hashimu ya ce, "Dattin ruwa ne hasken ya daka a gaban idonta. Gobe ka nesanta fitilun da kyamarar, iyakar iyawarka." Washegari Nomau ya yi nutso, ya fito da hoto baƙi ƙirin. Hashimu ya ce, "Ina fitilun?" Ya ce, "Suna gida wurin Lantana. Da na so in kai su Kano, ba mota."

Wata rana kuma, bayan an ɗaura fitilun a kan sanduna hagu da dama, Hashimu ya ce, "Idon nan nata faɗi ne, komai nesa take nuna shi. Abin da ka tarar, ka matsa kamar za ka taɓa shi." Abin da Nomau ya fara tararwa katantanwa ce a kan wani kututture. Muka zauna a zaure muna kallonta, ta cika allo, tana miƙa ƙahonta a tsanake. Goggo ta kawo fuskarta kusa ta ce, "Hashimu, ƙofar ce wannan?" Ni na kau da kai ina danne dariya.

Wata rana Hashimu ya ce, "Malam Nomau, ƙafarka ce ke tayar da laka. In ka isa ƙasa, kada ka ƙara motsa ta." Nomau ya yi nutso. Muka jira, muka jira, sai da na ga abin ya wuce wasa na janyo shi da igiyar da ke ƙugunsa. Ya fito yana haki, na ce, "Kai, mutuwa za ka yi?" Ya ce, "Ai fitowa sai da ƙafa." Hoton ranar kuwa ƙafafunsa ne kawai, ya haska su sosai don a shaida ba su motsa ba.

Wata rana da hantsi hadari ya haɗo daga gabas, kowa ya san yau ce ta ƙarshe. Hashimu ya riƙe kafaɗar Nomau ya ce, "Don Allah, cikin ɗakin nake so. Fitilun su shiga ciki." Nomau ya yi nutso, ya daɗe, ya fito da kyamara a hannu, sanduna fayau. Hashimu ya dafe kai. "Ina fitiluna?"

"Sun shiga ciki."

"Kai fa?"

"Haba Alhaji, ɗakin matar aure ne. Na yi sallama sau uku ba a amsa ba, sai na tura su ta ƙofa, na ja da baya na tsaya."

Kafin mu kai gaɓa ruwa ya kece. Muka wuce zaure. Hashimu ya kunna hoton ne kawai don Goggo ta matsa masa.

Da farko duhu. Sai kumfa ta taso a gaban allo, sau uku, sallamar Nomau ke nan. Can sai ga ɗakin tsaye, ba ɗigon datti ko ɗaya, tun da hasken yana can nesa da idon kyamara. Ƙofar ta cika da haske, 'yar tagar ma haka, kamar yanzu aka kunna aci-bal-bal ana jiran maigida ya dawo daga gini. Wallahi sai da na ji ƙanshin hayaƙin garinmu, hawaye suka zubo mini ban sani ba.

Goggo ta kai yatsa ta bi gefen ƙofar har ƙasa. Wannan kam ta gan shi. Sannan ta gyara mayafinta, ta juya inda Nomau yake tsugune a jiƙe.

Ta ce, "Wa alaikumus salam, Nomau. Shigo mana."