Jahilci Ne Ke Kashe Mu, In Ji Dokta

Idan ana lissafa ni'imomin da Allah ya yi wa al'umma, to bayan ruwan sama sai Dokta A-Taƙaice. Duk Talata da yamma yana bayyana a talabijin, farar riga ta sha guga, abin sauraren ƙirji rataye a wuya. Mahassada na cewa abin nan ya shekara shida bai taɓa ƙirjin mara lafiya ba, amma ai shi ya sa har yanzu yake kamar sabo. Sunan kuwa masu ɗaukar hoto ne suka laƙaba masa, don idan ya ce “a taƙaice”, mutum na iya fita ya yi alwala ya yi salla, ya dawo ya tarar bai kai rabi ba.

Bana ya ɗaura yaƙi da masu shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai. Yakan karkato da gefen hagu, wanda ya fi yi masa kyau, ya ɗaga yatsa.

“Jama'ata, muna fuskantar wata gagarumar bijirewa wadda a harshenmu na masana ba ta ma fassaruwa. Jahilci ne ke kashe mu. A taƙaice, an saba da magani.”

Wa ya saba, mutum ko ƙwayar cutar? Bai taɓa faɗa ba. Lokaci kan ƙare, kuma mai ilimi irin nasa ba ya saukowa kan ƙananan bayanai.

Wata Talata yana kan kujerar kwalliya ana shafa masa hoda, sai yayarsa ta kira. Ta ce Inna ce, mahaifiyarsu, zafin fitsarin nan ya dawo, har da zazzaɓi. Karo na biyar ke nan a shekarar. Ido a rufe, don kada hoda ta shiga, ya faɗi sunan wani magani ya ce a saya. Da Yaya ta ce ko dai a kai ta a yi gwaji, sai ya yi mata bayani cikin haƙuri cewa gwaji na waɗanda ba su da likita a gida ne. Ya kashe wayar yana jin daɗin kansa, don ba kowa Allah ya ba baiwar gano cuta daga nisan unguwa bakwai ba.

Bayan kwana tara aka kwantar da Inna a asibiti. Ya zo da farar rigarsa, ya ɗan tsaya a ƙofa wasu mata biyu suka yi hoto da shi. Amma da ya ga tsohuwar a kwance, ta rame, ana ƙara mata ruwa, sai ya manta da hoto, ya ƙarasa bakin gadonta da sauri. Yana son uwarsa, wannan ko mahassada ba sa musu.

Likitar ɗakin wata matashiya ce mai tsohon takalmi, riƙe da takardar gwaji. Ta ce an gwada magani shida a kan ƙwayar cutar da ke jikin Inna, biyar ba sa taɓa ta. Allura ɗaya ta rage, in ita ma ta ƙi, ƙodar Inna ce za ta ji a jika. Ta karanto sunayen biyar ɗin. Dokta ya san su sarai, a jere suke cikin wayar Yaya yadda ya turo su.

Ya gyara murya zai yi magana a kan halin talakawa, sai likitar ta tambayi Inna yadda take shan maganinta. Inna ta ɗago da alfahari. Ita ba ta cikin jahilan da ɗanta ke faɗa a talabijin. Tun da ya ce ana sabawa da magani, ba ta taɓa barin jikinta ya saba ba. Jan magani kwana biyu, ta ajiye. Rawaya kwana biyu, ta ajiye. Har maƙwabta ta koya wa, ta ce daga bakin Dokta ne.

Likitar ta jawo kujera ta zauna.

“Mama, ba jikinki ne ke sabawa ba, ƙwayoyin cutar ne. In kika tsaya a rabi, masu taurin kan cikinsu ne ke tsira su hayayyafa, gobe ba sa jin maganin.”

Inna ta juya maganar a ranta. Dokta ya matso, ya ce ai abin da yake ta faɗa ke nan shekara da shekaru, sai dai shi a zurfafe yake kawo shi. Inna ko kallonsa ba ta yi ba, ta kama hannun likitar.

“'Yar nan, ke ma kina fitowa a talabijin?”

Likitar ta ce a'a.

“Alhamdulillahi. To ke ki yi min allurar. Shi a ba shi kujera ya zauna can, kada ya taɓa komai.”