Yadda Za Ka Kai wa Ƙauye Rezo Ba Tare da Rezo Ya Je Ba

An naɗa ka shugaban Kwamitin Kai Zamani Karkara, kuma iyakar abin da ka sani a harkar sadarwa shi ne danna kore a amsa, danna ja a kashe? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin hotonka zai fito a jarida, a ƙara maka kujera. Na gwada su a wani ƙauye bayan Tumbutu ta kusa da garin Malanville, ga ni nan har na yi tumbi.

Mataki na 1: Gano yadda suke yi kafin ka zo

Bar Malanville da safe, a mota mai sanyi. A ƙauyen za ka tarar da wata doguwar giginya an rataya mata igiya da guga. Nan ne kaɗai waya ke kama rezo, wato sabis, shi ma a can ƙoli. Mutum ya naɗi saƙon murya, ya jefa wayar a guga, a ja sama, a jira, a sauko da amsa. Da haka Inna Rakiya ungozoma ke kiran ɗan kabu-kabu idan haihuwa ta gardama, ya zo ya kai mace likita.

Kada ka yaba. Shugaba mai hankali ba ya yabon abin da ke aiki ba da sa hannunsa ba.

Mataki na 2: Nemo masa laifi

Tambayi daga ina rezon ke zuwa. Alasan masunci zai nuna maka hayin kogi, ya girmama ka da Faransanci ya ce, "Mushe, daga Gaya shi ka zowa, in iska ta yi kyau."

Riƙe baki. Hayin kogin wata ƙasa ce, don haka ka ce rezon ƙetare ne, ya shigo ƙasa ba takarda, ko ta gaban duwan, wato kwastan, bai bi ba. Idan sun yi dariya, kai kada ka yi.

Mataki na 3: Kira taro

A otal, ba a ƙauyen ba. Zafi na hana tunani. Yawaita cewa "manufa" da "taswirar gobe", a ci kaji, a kafa ƙaramin kwamiti da zai duba rahoton babban.

Mataki na 4: Sare giginyar

Wannan ne zuciyar aikin. Guga a sama abin kunya ne a idon baƙi, kuma filin ya dace da rumfar biki. Ga riba: gangar jikinta za ta ba ka azarar rufin Cibiyar Sadarwa.

Inna Rakiya za ta biyo ka har mota. "Ɗana, Amira matar Alasan watanta ya kama, kuma cikin bai kwanta daidai ba. Ku bar muna iccen ga har ta sauka."

Ka ce, "Inna, eriya na nan tahe, ta ƙarhe, wadda ta hi wannan tsawo."

"Yaushe?"

"Tana cikin manufa."

Rufe gilashi a hankali, don girmama tsofaffi wajibi ne.

Mataki na 5: Kafa eriya

Sa maƙeri ya haɗa maka dogon ƙarfe, a shafa masa ja da fari. Wayoyin ciki da na'ura aikin zango na biyu ne, zango na biyu kuwa na wanda zai gaje ka ne. Ilimi ya nuna cewa a hoto, eriya mai aiki da marar aiki duk ɗaya suke.

Mataki na 6: Ranar buɗewa

Babban baƙo zai so ya yi kiran farko. Kara masa wayar a kunne, ya ce "Alo" ya yi murmushi, makaɗa su rufe sauran. Ya saba, kada ka ji tsoro.

Ana cikin tafi za ka hango amalanken jaki. Amira ce kwance a ciki tana cije zane, Alasan na dukan jakin, Inna Rakiya na bin su da sauri ba takalmi. Za ta tsaya gindin eriyarka ta ɗaga waya sama iya tsawon hannunta, ta duba, ta sake ɗagawa. Sannan ta kalle ka.

Gabanka zai faɗi. Wannan ba komai, yana wucewa bayan an ci abinci. Ka dai sa a ce musu su zagaya ta bayan rumfa, ana ɗaukar hoto.

Kashedi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo bayan matakan nan, a kan hanya ko a Lahira. Masu tambayata yadda ta ƙare da Amira su yi haƙuri, ban sani ba. Tun ranar da muka buɗe cibiyar, ko saƙo ɗaya bai fito daga ƙauyen ba, kuma haka na rubuta wa manya: babu ƙorafi. Duk wanda yake da shi a can, ƙofata a buɗe take, ya kira ni a waya.