Ranar da Na Sha Ruwan Esi a Gummi

Ko zan manta da komai na sana'ata, ba zan taɓa mantawa da aikina na farko ba. Lokacin ban cika wata guda da dawowa Gummi daga Gusau ba, inda na koyi gyaran esi da firji, har na sa an rubuta mini "Injiniya" a bayan rigar aiki (rubutun ya fi ilimin girma, yanzu na sani).

Tsakiyar damina ce, irin lokacin da gumi ke bin mutum ko yana zaune. Hajiya Asabe, ungozomar da ke da ƙaramin asibitin haihuwa a unguwarmu, ta aiko a kira ni. Esin ɗakin masu jego ne ya rikice, irin mai rabi biyun nan, kai a ɗaki, inji a waje. Sanyi ya ragu, ruwa na bin bango, fumfuna ta fara fitowa saman gadon jarirai. An kwashe masu jego biyu zuwa baranda suna fifita da kwali.

Na ƙwanƙwasa nan, na kasa kunne can, na girgiza kai kamar likita.

"Hajiya, ya gama yawo. Sai dai a sayo sabo."

Fuskarta ta canza. "Yanzu ba dabara, Injiniya? Sabo ba nan kusa ba, ga yara cikin zafi."

Sai Inna Kulu, tsohuwar da ke share asibitin, ta jingine tsintsiya. "Ɗana, tiyon ga na bayan ɗaki, kullum nan nika tarbe ruwan goge ƙasa. Kwana bakwai ke nan ko ɗigo bai yi ba."

Na yi mata murmushin masu ilimi. "Inna, wannan maganar inji ce, ba ta bokiti ba." (Allah ya yafe mini.)

Hajiya dai ta ce in duba. Na zaga baya don in rufe bakin tsohuwa, ba don na yarda ba. Bayan ɗakin kuwa nan ne rumfar masu jiran awo, mata sun kai ashirin a kan benci. Na leƙa tiyon da ke fitar da ruwan esin, na ga laka a bakinsa, ashe zanzaro ne ya yi gini a ciki. Maimakon in nemo waya in zaƙulo, sai na tuna yadda bakanike ke zuƙo fetur. Na durƙusa, na kafa baki, na ja da ƙarfina.

Ruwan kwana bakwai ya taho gaba ɗaya, da gansakuka da laka da wani abu mai ƙafafu da har yau ban bincika ba. Rabi na haɗiye, rabi ya wanke mini fuska da riga. Ina tari ina kakarin amai, benci ya kaure da dariya. Wata mai tsohon ciki tana riƙe da ƙugu tana cewa, "Ku bari don Allah, kar ya sa ni naƙuda."

Inna Kulu ba ta yi dariya ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Buta ta miƙo mini. "Kurkure bakinka, ɗana. Ai ka gyara shi."

Da gaske kuwa. Na wanke ragar tace iskar esin da ƙura ta toshe, aka kunna, kafin la'asar ɗaki ya ɗau sanyi, bango ya daina kuka, aka mayar da masu jego da jariransu.

Na zaci sana'ata ta mutu a ranar. Sai ga shi matan nan sun kai labari gida gida, ana ta neman "mai shan ruwan esi" har daga Bukkuyum da Anka. Cewa suke, wanda zai sha wannan abu don jarirai ba zai cuci mutum ba. Ban taɓa gyara musu zancen ba.

Yanzu duk gidan da na shiga, kafin in buɗe akwatin kayan aiki sai na gaida mai shara na tambaye ta abin da ta gani. Kuma na sayi famfon zuƙo ruwa, bakina ya yi ritaya.