Ranar da Na Ce Injin Kawu Ba Zai Ba da Wuta Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar kasuwar Illela, lokacin ina aji uku a jami'a, ina karatun injiniyan lantarki. Na zo hutu gida da laftof da wata manhaja da aka fara koya mana, wadda ake zana inji a cikinta a gwada shi kafin a ƙera. Sati biyu kacal muka yi a kanta, amma yadda nake tafiya a gari sai ka rantse ni na ƙirƙiro ta.

Kawuna Mamman yana da shago a hanyar bodar Nijar, inda ya shekara fiye da ashirin yana haɗa injin walda da hannu. Ƙarfe yake jerawa, ya naɗa wayar tagulla gefe biyu: wuta ta shiga ta naɗin farko, ta haifar da maganaɗisu a ƙarfen, maganaɗisun ya haifar da wuta a naɗi na biyu. Bai yi boko ba, amma har daga Nijar ake zuwa nemansa. Ranar ma wani Alhaji ne ya tsallako daga Ƙonni ɗaukar sabon inji, kuma ya ce in ya yi kyau 'yan layinsu duka nan za su dawo.

Babu wanda ya tambaye ni. (Ina so a rubuta wannan a ajiye.) Ni na ce, "Kawu, bari in gwada shi a kwamfuta tukuna, don Alhaji ya samu natsuwa." Kawu ya yi murmushi ya ce, "To, Injiniya, gwada." Na auna ƙarfen, na tambayi yawan naɗin, na zana komai tsaf. Masu shayin gefe suka matso, har da wani mai faci da ya bar taya a ruwa.

Manhajar ta nemi in saka ƙarfin maganaɗisun da zai ratsa ƙarfen. Na buga lamba ɗaya, na danna. Ta ɗan yi tunani, sannan ta fito da layin da ke nuna wutar naɗi na biyu. A kwance yake, miƙe sambal a kan sifili. Na sake dannawa, sifili.

Mai hankali zai yi shiru ya sake dubawa. Ni kuwa gyaran murya na yi, na juya allon wajen baƙo, na ce, "Gaskiya akwai matsala. Wannan injin ba zai ba da wuta ba."

Alhaji ya ce, "Mi kac ce?" Na maimaita, har da nuni da biro. Ya dubi Kawu, ya dubi injin, ya fara gyara babbar rigarsa irin ta mai shirin tashi. Ya ce, "Malam Mamman, ɗanka na gida ya hwaɗi haka, ni mi za ni cewa mutanen Ƙonni?" Sai lokacin na gane sunan Kawu na ɗora a faranti.

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji, zamna kaɗan." Sannan ya dube ni. "Wanga maganaɗisu da kas sa, tsaye yake ko yana kai da komo?"

Na ce, "Kamar yaya, Kawu?" (Ɗan aji uku ke nan.)

Ya jawo batirin mota, ya ɗaura ƙaramin ƙwan fitila a naɗi na biyu. Ya taɓa wayar naɗin farko a batirin, ƙwan ya yi wal ya mutu. Ya ɗan riƙe wayar a jiki, babu komai. Ya cire, ƙwan ya sake yin wal. Ya ce, "Ka gani? Wutar batir tsaye take. In abin bai canza ba, wancan gehen ba ya samun komi. Wutar gari kuwa kai da komo take yi, shi ya sa inji ke aiki."

Wallahi wannan shi ne darasin farko na aji ɗaya, na ma ci shi a jarrabawa. A akwatin da na buga lamba ɗaya akwai wani zaɓi a ƙasa, na maganaɗisu mai canzawa da lokaci, ban ko kalle shi ba. Na zaɓe shi, na sa ya riƙa kai da komo sau hamsin a daƙiƙa, na danna. Layi ya tashi yana hawa da sauka, gwanin kyau. Mai faci ya ce, "A'a, ya farka!" Masu shayi suka kwashe da dariya.

Kawu ya tada janareta, ya jona injin, ya haɗa ƙarfe biyu a gaban kowa. Alhaji ya ɗauki guduma ya doka wurin sau uku, bai motsa ba. Ya sa aka ɗora injin a amalanke. Da zai tafi ya tambayi Kawu shekara nawa ta rage min a makaranta, da aka ce biyu sai ya ce, "To, Allah ya sa su isa."

Na jira faɗa, bai zo ba. Abin da Kawu ya gaya wa masu shayin shi ne, "Ku bar shi. Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba, abin da ya tambaye ta ta ba shi." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ni na kusa zubar masa da mutunci a gaban baƙo, shi kuma yana tsaye yana tattara nawa.

Tun daga ranar, duk abin da kwamfuta ta faɗa min, sai na koma na duba abin da ni na faɗa mata kafin in buɗe baki. Musamman in aikin wani ne a gabana, kuma akwai baƙo a zaune.