Ɗan Wa'alin da Na Ceto a Hanyar Hada

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka buɗe sabuwar hanyar Hada ba, wadda ke hawa duwatsu daga Makka zuwa Ɗa'if, don a bakinta na sayo wa kaina abin kunya da hannuna.

Lokacin ina sabon ustaz a wata makarantar firamare a unguwar Jarwal ta Makka, ina koyar da kimiyya, ina ji da kaina. Wata Juma'a muka hau dutse shan iska da abokan aiki, muka yada zango wurin wani tsohon makiyayi. Shi ya ba mu labarin wa'al, akuyar dutse mai ƙaho kamar lauje. Ya ce yana yaro garke-garke suke saukowa shan ruwa, amma tun da bindiga da mota suka iso, ya shekara uku bai ga ko sawunsu ba. Maganar ta tsaya min a rai. Na dawo na addabi kowa: a aji wa'al, a majalisa wa'al, har a kan faranti. (Ban taɓa ganin dabbar ido da ido ba fa, sai wani zane a littafi, shi ma baƙi da fari.)

Bayan wata biyu na sake hawa. A wata kwana na ga wani mutum riƙe da 'yar dabba ja-ja, ƙafafunta da zanen baƙi, daidai da na littafina.

"Wa'al ne, ya ustaz," in ji shi. "Jiya aka sauko da shi. In babu mai so, yanka shi zan yi."

Ban yi wata-wata ba na kwance agogon da mahaifina ya ba ni na miƙa masa. A cinyata na riƙo dabbar har Makka. Ta yi min fitsari a farar riga, ni kuwa ina ganin lada nake kwasa.

Na ajiye ta a saman soron gidanmu, na je na shawo kan mudir, shugaban makarantarmu, ya tara ɗalibai da iyayensu ranar Alhamis bayan la'asar. Nufina a kafa ƙungiyar kare dabbobin dutse, sannan a mayar da ɗan wa'alin gida. Cikin iyayen har da Alhaji Mamman, wanda nake neman 'yarsa. (Ku yi min adalci, ba don shi na tara mutane ba. To, ba don shi kaɗai ba.)

Na yi kusan rabin sa'a ina zuba, da Larabci da Hausa. Na ɗaga dabbar sama na ce, "Ku kalle shi da kyau, wataƙila shi ne na ƙarshe da idanunku za su gani!" Har na ga wani dattijo yana share ido.

Sai na ji murya daga can baya. Kakata ce, wadda ta taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa, ta ratso Chadi da Sudan tana kora awaki. Ba ta taɓa ganin baƙon nawa ba, saboda gwiwa ta hana ta hawa soro, shi ya sa ta matsa aka kawo ta.

"Angona, miƙo min shi in sa masa albarka."

Na miƙa ina murmushi. Ta ja kunnen, ta buɗe bakin ta leƙa. Sannan ta tsoma bakin mayafinta a buta, ta goga a ƙafar gaba. Zanen ya biyo mayafi.

"Gawayi ne," ta ce, da ƙarfin muryar mai nauyin kunne. "Kai, wannan ai 'yar akuya ce! Irin na gidan Ladi mai nono. Dubi kunne har wuya."

Ita kuwa 'yar banzar ta zaɓi wannan lokacin ta ce meee.

Mudir ya ja ƙyallen kansa ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Alhaji Mamman ya duƙufa kallon takalminsa. Da na yi shiru da ya fi min, amma sai na ji bakina yana cewa, "Kaka, ai a kimiyyance dangi ne." Nan wuri ya ɓarke. Dattijon da ya share ido ɗazu ya koma sharewa, wannan karon don dariya.

Amma ba dariyar ce ta fi ƙona ni ba. Da muka koma gida na shige ɗaki, Kaka ta biyo ni ta zauna a bakin ƙofa, babu wasa a fuskarta.

"Ka gode wa Allah da aka cuce ka," ta ce.

"Haba Kaka, har da godiya?"

"Da na gaske ne, kana tsammani uwar miƙa wa mafarauta shi ta yi? Harbe ta za su yi su ɗauka. Gobe kuma su koma, tunda sun ga mai saye."

Ni da nake zagin mafarauta a kowace majalisa, ashe ni ne na fara buɗe musu kasuwa. Kwana uku ban iya haɗa ido da ita ba.

Ƙungiya dai ba ta kafu ba a wannan shekarar. Alhaji Mamman ya ba ni 'yarsa, amma har ya koma ga Allah in mun gaisa sai ya ce, "Ustaz, ya garke?" Akuyar ta girma a soronmu, ta haifa mana tagwaye sau biyu. Ni kuma na rage surutu, na koma hawa dutse ina zama ina sauraron makiyaya. Sai bayan shekara biyu na ga wa'al na gaske, can nesa a kan tsauni, uwa da ɗanta, kunnuwa a tsaye. Ban gaya wa kowa wurin ba.

Har yau ina kare dabbobin dutse iya ƙarfina. Sai dai duk abin da ya burge ni har na ji ina son tara jama'a a kansa, nakan fara jiƙa tsumma in goga masa a ƙafa.