Tokar Iya da Akuyar Talatu

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da ƙasa ta ƙaryata ni a gaban mutane. Ni da duk unguwarmu a Kibiya aka sani da faɗin gaskiya ko a gaban wa, ni da ake cewa kada a tambaye ni sai an shirya ji, ni ce kuɓewa ta tona wa asiri.

Sai da na haura arba'in na shiga makarantar yaƙi da jahilci. Shekara ta biyu na iya karatu da rubutu (kuma Allah ya raba ku da wanda ya koyi karatu da furfura, gani yake kafin shi ba a taɓa sanin komai ba). Wata rana Malamarmu ta yi mana darasi kan lambun gida. Ta ce lambun rani daban, na damina daban, kuma a ƙarshen wata za ta zo da 'yan aji su ga na wadda ta fi gyarawa. Tun kafin ta rufe baki na ce nawa za a gani.

Ina da ɗan lambu a bayan ɗaki, kusa da rijiya. Duk rani a fangali nake shuka salak da alayyahu, don ramin ya riƙe ruwan da nake jawowa da guga. To, da hadari ya fara haɗowa, dole a sake tsari, in ba haka ba ruwan sama ya kwanta ya ruɓar da komai. Na tuge tsofaffin ganye, na baje fangalin, na tayar da kunyoyi shida a miƙe kamar layin littafi. Na buɗe wa ruwa hanya ta gindin katanga, na sake darni da sabon kara. Na sayo iri na leda a kasuwar Rano. Kowace kunya na kafa mata tsinke da kwali, na rubuta sunan abin da zan shuka da hannuna.

Abu ɗaya ya rage. Malama ta ce a barbaɗa toka kafin shuka, tana gyara ƙasa, tana kuma korar ƙwari. Ta murhuna ba ta isa ba. Ina dube-dube sai na hango wata tsohuwar tukunya a lungun rumfar Iya, mahaifiyar maigidana, wadda muke zaune tare da ita. An rufe ta da faifai, an ɗaure da tsumma. Na kwance, na ga toka maƙil. (Mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa wa yake ɗaure wa toka baki. Ni ban tsaya ba.) Iya ta tafi garin Fammar bikin suna, babu wanda zan tambaya, kuma ko tana nan ba na jin zan tambaya. Na kwashe da kwano na watsa a kan kunyoyin nan shida, na bi da fartanya. Na ji 'yan ƙwayoyi a hannuna, na ce tsakuwa ce. Na mayar da faifan yadda yake.

Bayan kwana uku Iya ta dawo. Da safe na ji muryarta daga rumfa.

"'Yar nan, wa ya taɓa mini tukunya?"

"Wace tukunya, Iya?"

"Ta irina. Kuɓewata ce a ciki, cikin toka nake ajiye ta saboda ƙwari."

Ta zauna a kan turmi da tukunyar a cinya. Ta ce jar kuɓewa ce, daga hannun mahaifiyarta ta karɓe ta ranar da aka kawo ta gidan nan, kuma ba daminar da ta tsallake ba ta shuka ta ba. A wannan zuwan ma ta tarar ta ƙare a hannun danginta na Fammar, har ta yi musu alkawarin za ta aika. Wato abin da ke cikin tukunyar nan shi ke nan ya rage.

Nan ne wurin da mai gaskiya za ta ce, "Iya, ni ce." Kalma uku. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Ai kuwa na ga akuyar Talatu tana shawagi a nan."

Talatu maƙwabciyata ce, ajinmu ɗaya. Kuma ƙarya ba ta zama ita kaɗai, sai ta nemi 'yar rakiya. Don Iya ta yarda, na taka wani turmin na leƙa ta katanga na sauke wa Talatu kwandon faɗa.

Ta bari na gama, sannan ta ce, "Yaya, akuyar ce ta kwance tsumma, ta cinye toka, ta mayar da faifai?"

Na ce, "Akuyarki ba abin da ba ta iya ba."

Baiwar Allah ta ɗaure akuyarta a turke. Kullum ina jin kukanta ta katanga, ina ji kamar sunana take kira.

Iya ba ta sake tayar da maganar ba. Sai dai ta daina zagayawa bayan ɗaki, ita da kullum sai ta je ta yi mini gyaran da ban nema ba. Tuwonta ya riƙa dawowa rabi.

Ruwa ya sauka sosai, na shuka irina na leda. Ban kuwa manta abin da ke kwance ƙarƙashin ƙasar nan ba. A nan ne na gano ban san abin da zan roƙa ba. In irin ya mutu, asirina ya rufu, Iya ta rasa abin mahaifiyarta. In ya fito, Iya ta samu, ni na tozarta. Kwana shida sai ga su, ganye bibbiyu zagayayyu, a kan kunya, a cikin kwari, har gindin darni. Na durƙusa na tuge ɗaya. Na dubi 'yar saiwarta fara a tafin hannuna, na kasa tuge ta biyu. Na mayar da ita na danne da yatsa. Na ce gobe zan gaya wa Iya. Goben nan ta yi ta haihuwar gobe har ranar zuwan Malama.

Suka zo da hantsi, mata tara, har da Talatu. Iya ta fito gaishe da baƙi, Malama ta ce, "Iya, zo ki ga aikin 'yarki," ta riƙo hannunta.

Malama ta tsaya a kunyar farko ta karanta kwalin. "Alayyahu." Ta dubi ƙasa. "Wannan alayyahun naki akwai faɗin ganye." Ta matsa. "Tumatir." Ta matsa. "Yakuwa." Ta juyo. "Ikon Allah, duk kamarsu ɗaya."

Kuɓewar ta riga ta kere komai, ta danne irin ledar da na sayo. Iya ta dafa gwiwa ta sunkuya a hankali. Ta shafa karan ɗaya, ja kamar an shafa masa lalle. Ta daɗe a haka.

"Wannan ai na san ta," in ji ta.

Sai Talatu ta yi caraf ta ce, "Ashe akuyata har noma ta iya. Kunya shida, Yaya, kuma a layi."

Mata suka toshe baki da mayafi. Da ƙyar na ce, "Ni ce, Iya. Ni na kwashe, na zaci toka ce kawai. Akuya ba ruwanta."

Na zaci za ta yi faɗa, har na so ta yi. Ba ta ko ɗago kai daga kuɓewarta ba.

"Na san ke ce tun ranar, akuya ba ta rufe tukunya. Inda kika zuba ne ban sani ba, na ɗauka kwata kika watsa. Da kin ce mini lambu ne, 'yar nan, da na ci tuwona."

Wannan maganar ta fi dariyar matan nan zafi, kuma har yau ita ce take dawo mini. Kwasar tokar kuskure ne, kowa na iya yi, ƙasa ma ta gyara shi da kanta. Sati ukun da tsohuwa ta yi tana juyayin abin da yake raye a bayan ɗakinta, wannan aikin bakina ne, bakin da nake taƙama da shi.

Da yamma na shiga gidan Talatu ta ƙofa, ba ta katanga ba, na ba ta haƙuri, na kwance akuyar da hannuna (ta tunkuye ni, na haƙura). Lambun kuwa Iya ta karɓe ragamarsa. Ta rage cunkoson, ta bar masu ƙarfi, kwalayena suka jiƙe suka faɗi. Daminar nan miyar kuɓewa muka sha har maigidan ya fara tambaya ko kuka ta ƙare a duniya. Da kaka muka bar manyan suka bushe a kara, aka aika Fammar, saura muka mayar cikin sabuwar toka.

Ranar da za a ɗaure tukunyar na ɗauko gawayi na rubuta a jikinta da manyan baƙaƙe: IRIN IYA, KADA A TAƁA. Ta tambaye ni me na sa, na karanta mata.

Ta ce, "Madalla. Duk gidan nan mu da ba mu yi boko ba mun san abin da ke ciki. Amma bar shi, mai karatun ce take buƙata."

Tun daga nan, duk abin da na tarar an ɗaure wa baki, nawa bakin nake fara buɗewa in tambaya.