Ranar da Na'ura Ta Tona Asirin Tasbahata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kunyata kaina a gaban ɗiyata Hadiza. Shekara talatin ina sayen tsohuwar roba a kasuwar Gummi: fasassun bokitai, butoci, silifa. Boko aji uku na yi, amma in na ƙyasta ashana na ƙona gefen roba na sunsuna, zan faɗa maka irinta.

Hadiza tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin sarrafa roba. Za su sayi na'urar da ke haska roba da wani haske da ido bai gani, ta faɗi irinta (infirared suke ce mishi, na kwana biyu ina koyon faɗi). Dillalai biyu suka kawo nasu. Ita kuwa ta cika wa manajansu baki cewa hancin babanta bai kuskure, sai aka ce in zo da samfur a gwada.

Duk abin da na miƙa, na'urorin suka faɗa daidai. Abin ya ɗan sosa mini rai. Sai shaiɗan ya raya mini in ɗana musu tarko. Na zaro tasbahata, wadda shekara goma sha biyu nake gaya wa 'yan majalisarmu hauren giwa ce (har hana mutane taɓa ta nake yi).

Dillali na farko ya danne ƙwaya ɗaya a kan ɗan gilashin na'urarsa, layuka suka fito a kwamfuta, ya ce roba ce. Na tuntsire da dariya, na ce wa manaja kada ya kuskura ya sayi wannan maƙaryaciya. Na biyu ya gwada tasa, ya yi tari, ya ce dangin maɓallin riga ce.

Hadiza ta sunkuyar da kai, ta turo mini ashanata.

"Baba, halan ka tambayi hancinka."

Na ƙyasta. Wallahi tun kafin hayaƙin ya iso na san warin. Manaja ya ce, "To Alhaji, mi hancin ya ce?"

Na ce, "Ku sayi maƙaryaciyar."

Ita suka saya. Innar su Hadiza kuwa har yau in za ta miƙo mini tasbahar sai ta ce, "Ga giwarka." Yanzu kafin in ƙona kayan kowa, nakan fara da abin da ke aljihuna.